Yashin da Baba Yake Karantawa

A gidanmu na Tudun Ƙofa ba a buɗe akurki da safe sai Baba ya ba da izini. Ko hantsi ya dubi ludayi, ko kaji sun ishi unguwa da kuka, haka za su zauna a rufe har ya zagaya gidan ya dawo bakin ɗakinsa ya ce, "A saki kaji." Sai an ji haka yara ke zuwa banɗaki ba rakiya, mata kuma su shiga lambu tsinko abin miya. Da wannan doka na buɗe ido, kuma ina cikinta har na yi aure aka ba ni ɗaki biyu kusa da zaure. Na zama malamin sakandare, da gemuna da komai, amma ban isa in taka cikin shuka ba sai an saki kaji.

Baba tsohon malamin gona ne. Da ya samu filin sai ya gina ɗakuna a gefe guda, ya kai banɗaki can ƙarshen katanga, sauran wurin ya cika shi da shuka. Akwai zogale da rama da ɗoɗɗoya, akwai lallen Inna, akwai gwanda uku da ba su taɓa yarda su yi 'ya'ya lokaci ɗaya ba, ga kurmin ayaba inda ruwan wanka ke gangarawa. Kabewa da soso ba a shuka su, su ke kawo kansu. A lokacin, bayan katangarmu duwatsu ne da ciyawa har zuwa rafi, don haka ba sai an gaya wa mutum irin baƙin da lambu kamar wannan ke gayyatowa ba.

Dabarar Baba yashi ce. Ya bar ziri mai faɗin taki ɗaya a gindin katanga, ya kewaye gidan kaf, ya kuma yi wa kowane rukunin shuka irin wannan zirin. Yashin daga rafi ake ɗebo shi, a shanya, a tankaɗe kamar za a yi tuwo da shi. Kullum gab da magariba, in kaji sun shiga akurki, sai ya ɗauki wani katako mai mariƙi ya bi yashin yana lailayewa, yana tafiya da baya don kada ya bar sawunsa. Da safe in ya dawo daga masallaci, haske ya ɗan fito, sai ya bi ya duba wanda ya wuce. Kaji kuwa in aka sake su da wuri tonon minti biyu ya ishe su su share komai, shi ya sa suke jira.

Ya koya mana karatun tun muna yara, ko da yake ba wanda ya mai da hankali. Ƙadangare yana barin layin wutsiya da 'yan yatsu dama da hagu. Kwaɗo yana barin tambari nan, tambari can. Ɓera sawunsa ƙanana ne a cunkushe, gafiya kuwa ba ta da kunya, ta tsakiya take bi. Duk waɗannan Baba gaisawa kawai yake yi da su ya wuce. Abin da yake nema shi ne sawun da ba ƙafa. In ya gan shi sai ya duba ko biyu ne, na shiga da na fita. In biyu ne, baƙon ya yi ziyara ya koma, sai a toshe kafar da ya bi a zuba baƙin mai. In ɗaya ne, ranar kaji sun shiga uku, don ba mai sakin su sai mazan unguwa sun zo da sanduna an fito da shi. Ranar da ruwa ya kwana yana zuba ya wanke yashin, sai ya ɗauki gora ya bi shukokin ɗaya bayan ɗaya yana kaɗawa.

Ba wai bai shuka abubuwan da ake cewa suna korar maciji ba. Ya shuka su duka, don shi ba a ba shi iri ya ce a'a. Wani abokin aikinsa ɗan Mada ya kawo masa irin taba, ya rantse cewa a garinsu ba gidan da ke da ita maciji ya taɓa leƙawa. Wani ya kawo ciyawar shayi. Wata tsohuwa a layinmu ta ba Inna saiwar itacen sanya ta ce a binne a kusurwa huɗu, aka binne. Baba yana yi musu ban ruwa, yana cire musu ciyawa, amma bai taɓa fasa lailaye yashinsa saboda su ba. Ya ce shi da idonsa ya taɓa ganin kububuwa ta naɗe a inuwar taba tana shan iska. "Maciji bai je makarantar gona ba," in ji shi, "ba wanda ya gaya masa yana tsoron taba."

Wanda bai taɓa ganin abin dariya a maganar ba shi ne Yaya, babban wanmu, da ke aiki a Abuja yana zuwa mana ranar Asabar in cunkoson hanya ya bar shi. Da aka fara sare dajin bayanmu ana gina wa ɗalibai ɗakunan haya, macizai suka rasa wurin zama suka shigo gari, aka riƙa kashe su a gidajen maƙwabta. Yaya ya ce a sare lambun nan a malale tsakar gida da siminti kowa ya huta. Duk zuwan da zai yi sai ya tayar da maganar, Baba kuma ya yi kamar da bango ake. Wata Asabar dai abin ya ishe shi, a gabanmu duka ya ce, "Ran da wani abu ya shigo gidan nan ban gani ba, kawo simintinka. Kafin ranar kada ka ƙara yi mini wannan zance." Yaya ya ce ya ji, kuma bai ƙara ba.

Shekaru suka wuce a haka. Sai wata damina ƙanwata da ke aure a Gitata ta haifi tagwaye, Inna ta tafi taya ta jego, da niyyar sai an yi arba'in. A lokacin 'yata ta fari ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma ba inda take so kamar cikin lambu. Baba amarya yake kiranta, yana ce mata in ta ci gaba da cinye masa tumatir ɗanye zai sake ta.

Kwana huɗu da tafiyar Inna, ranar Laraba, Baba ya zagaya ya dawo ya ce a saki kaji. Matata tana yi wa yarinyar wanka, ba ta tashi nan da nan ba. Ni kuma na nufi gindin katanga in yanko ciyawar shayi, aikin da Inna ta saba yi. A nan na ga sawun. Ya fito daga kafar magudana, ya ratsa yashin a karkace, faɗinsa ya kai yatsa uku, sumul ba ƙafa ko ɗaya, ya shige cikin ayaba. Na bi zirin har na dawo inda na fara, ban ga na fita ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne sawun takalmin Baba, sabo fil, a kan sawun macijin daidai. Ya taka shi ya wuce. Ina tsaye a wurin matata ta buɗe akurki, kaji suka zo suka yi aikinsu.

Ban ce wa Baba komai ba. Na ce wa matata ta goya yarinyar kada ta sauke ta sai na dawo, kada kuma kowa ya matsa kusa da ayaba, na hau babur na tafi makaranta. Da aka fita hutun tara na kira Yaya na gaya masa. Na sha gaya wa kaina cewa tsoro ne ya sa, kuma akwai tsoron, amma ba shi kaɗai ba ne. Haushi nake ji. Shekara talatin da 'yan kai ana tsare mu da mu da kaji saboda yashin nan, ashe mai karatun ma takawa yake ya wuce. Ga shi kuma ba ni da ƙarfin halin da zan dubi Baba in ce masa bai gani ba, kiran Abuja ya fi sauƙi. Yaya bai ja magana ba. Ya ce an gode Allah da abin ya tsaya a nan, Asabar yana tafe da birkila.

Da yamma na kira Inna mu gaisa, na ba ta labari. Ina jin kukan jarirai a bayanta.

"Damina biyu ke nan ni nake duba masa," in ji ta.

Na ce ban gane ba.

"Idon Malam ya tafi. Yana ganin haske, yana ganin mutum in ya matso, amma ba ya ganin ƙasa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, wanda ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe saura. Maganin ɗigawar yana cikin kwallata. In ya tafi masallaci sai in fita da buta in zagaya. In ba komai, in yi shiru. In akwai, in ya shigo sai in ce, Malam, kamar na ga wani abu wajen gwanda. Shi ke nan, sai ya je ya tsuguna ya faɗi ko mene ne."

Na tambaye ta don me ba ta gaya mini ba da za ta tafi. Ta ce ta kai bakin ɗakina sau biyu tana komawa. Asirinsa ne, ba nata ba, kuma ta ɗauka tunda tsakiyar damina ce ruwa zai riƙa wanke yashin ya koma ga gorarsa. Sai ta ce, "Ka gaya wa wani?"

"Na gaya wa Yaya."

"Wancan na Abuja?" Inna ba ta kama sunan ɗan fari. "Kai dai ba ka da dama. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Bayan mun yi sallama na zauna ina haɗa abubuwan da suka wuce ta gabana ban kula ba. Baba ya daina karanta jarida, ya ce ba komai ciki sai ƙarya. Ya jingine kekensa, ya ce gwiwa. In baƙo ya yi sallama ba ya ambatar sunansa sai ya ƙara magana. Duk na gani, duk na ɗauka rigimar tsufa ce. Da magariba ta kawo jiki na ga ya ɗauki katakonsa yana lailaye yashi, yana tafiya da baya, layinsa a miƙe kamar kullum.

Washegari ban tsaya a masallaci ba bayan an sallame, na riga shi dawowa, na zagaya. Akwai sabon sawu. Ya fito daga ayaba, ya je har gindin akurki, ya juya ya koma inda ya fito. Wato ba baƙo ba ne kuma, ya kama ɗaki. Na tsaya a wurin har Baba ya iso, yana tafe a hankali kansa a sunkuye kamar mai dubawa.

"Baba, kamar na ga wani abu wajen ayaba."

Ya tsaya. Ya ce in nuna masa, na nuna da hannu, sai na tuna, na ce gabansa kaɗan ta dama. Ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a kan yashin a hankali, ya bi kwarin da yatsunsa har tsawon kamu biyu.

"Kumurci ne, kuma ba ƙarami ba. Ƙwai ya je nema." Bai tashi ba. "Jiya ma akwai?"

"Akwai."

"Na ce a saki kaji?"

"Ka ce, Baba."

"Amarya ta shigo nan jiya?"

"A'a, a goye ta wuni."

Ya ce alhamdu lillahi, ya kakkaɓe hannunsa. Can sai ya ce, "Wannan kamar-na-ga ɗin uwarka ce ta koya maka?" Na ce ita ce. Ya ce, "Ta fi ka iyawa. Ita ba ta rawar murya."

Da na so sai in bar maganar a nan, amma Asabar jibi ce. Na gaya masa na kira Yaya tun jiya, kafin in yi magana da Inna. Na shirya wa faɗa, na ma fi son ya yi faɗan. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce, "Ka kyauta. Ai ni na faɗa da bakina. Je ka kira mutane, kada a buɗe akurki."

Kafin ƙarfe takwas an fito da kumurcin daga ƙarƙashin busassun ganyen ayaba. Baƙi ne wuluk, tsawonsa ya kusa gaba guda, kuma sai da ya tofa wa wani maƙwabcinmu dafi a riga kafin a same shi. Aka sare kan aka binne daban, kamar yadda aka saba. Masu sanduna suna ta yaba wa Baba, suna cewa Malam dai ko tururuwa ba ta wuce shi, shi kuma yana amsawa da "Allah ne". Ni na san ban yi ƙarya ba, ban kuma yi zuƙi ba: abin yana nan, tsakaninsa da inda 'yata ke wasa bai fi taki goma ba. Sanin hakan bai rage mini komai ba.

Da rana na sake kiran Yaya, na ce tunda an kashe shi a bar maganar siminti, ni zan riƙa dubawa. Ya ce, "Kai da kake fita bakwai saura? Ran da kake da jarrabawa fa? Ran da Inna ta yi zazzaɓi fa?" Ban gaya masa maganar idon ba, amma Yaya ba yaro ba ne. Muna cikin ja-in-ja Baba ya miƙo hannu daga inda yake zaune ya ce in ba shi wayar. Ya ce, "Ka zo da mutanenka, ina nan." Ya miƙo mini abata. Magana zarar bunu ce, na riga na zare.

Ranar Asabar leburori uku suka shiga da adduna. Abin da aka shekara arba'in ana reno bai kai azahar ba. Matan layinmu suka zo da bokitai da tsofaffin buhuna, wannan ta ɗauki 'ya'yan ayaba, waccan ta yanki reshen lalle. Baba yana zaune a zaure a kan buzunsa, duk wadda ta zo wucewa sai ya tambaye ta me ta ɗauka, ya gaya mata inda za ta dasa da yadda za ta ba shi ruwa. Tabar ce kawai ba wadda ta so, sai da ya ce ai tana korar maciji, nan da nan aka yi wawarta. Na ga ya yi murmushi. Yashin kuwa birkila ya yaba da shi ƙwarai, ya ce bai taɓa samun mai laushinsa ba, ya sa aka kwashe aka cuɗa da simintin.

Gaskiya ɗaya ce, tun daga ranar har yau ko tsaka ba ta samun wurin ɓuya a tsakar gidanmu, maciji kuwa ba mu ƙara gani ba. Yara suna gudu yadda suka ga dama. Inna da ta dawo ta tsaya a bakin zaure ta duba, ta ce wurin ya yi faɗi. Yanzu a bokitan fenti take shuka ɗoɗɗoyarta. Da rana simintin yana ɗaukar zafi har ba a taka shi ba takalmi, wannan ne kawai kowa ke kuka da shi.

Kwana uku aka yi ana yayyafa wa simintin ruwa don ya kama. A kwanakin an shimfiɗa katakai daga bakin kowane ɗaki zuwa madafa da banɗaki, a kansu ake bi, Baba ma yana bi abinsa ba wanda ya lura da komai. Ranar Talata da yamma birkila ya zo ya kwashe katakansa.

Washegari da safe ina zaune a bakin ɗakina ina goge takalmi, Baba ya fito da buta. Tsakar gidan fari fat, shimfiɗe daga bango zuwa bango. Ya yi taki biyar ko shida, sai ya miƙa hannun hagu daidai ƙugunsa, wurin da jerin zogale yake a da. Hannun ya wuce cikin iska. Ya ƙara taki biyu, ya ɗaga kai yana shaƙar iska, ya karkata dama, ya nufi bangon madafa, ya tsaya. A lokacin na gane da me yake tafiya a gidan nan duk wannan lokaci. Zogale yake shafawa har ya ƙare, in ya ji ƙamshin ɗoɗɗoya ya juya, in ƙasa ta yi sanyi a ƙafarsa ya san ya kai ayaba, ƙofar banɗaki tana gabansa. Inna ta san maganar yashi, amma wannan ko ita ban jin ta sani. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Ya daɗe a tsaye da butar a hannu. Sannan ya yi magana, bai ɗaga murya ba.

"Malamin makaranta, kana nan?"

"Ina nan, Baba."

"Zo ka nuna mini banɗaki."

Na ajiye takalmin, na je na kama tsintsiyar hannunsa, na juya shi. Taki goma sha ɗaya ne. Shi ya gina banɗakin da hannunsa, tun ba a haife ni ba.